Wane fari ne irin gyaɗar ke jurewa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mai albarka domin mu yi tsokaci a kan wata jimla da ta zama ruwan dare a labaran noma, wato "an fito da sabon irin gyaɗa mai jure fari." Mu da sana'armu ita ce kyautata irin shuka muna jin daɗin yadda ake ta maganar, domin alama ce ta an damu da abin da ya daɗe yana damunmu. Sai dai jimlar a haka guntuwa ce, kuma guntuwar magana a harkar iri tana iya jawo wa manomi asarar shekara guda. Zai karanta ya ɗauka ya samu irin da babu ruwansa da ɗaukewar ruwa, ya shuka, ruwan ya ɗauke masa a mugun lokaci, ya tuge gyaɗa ya tarar da holoƙo. Daga ranar ya yanke ƙauna da duk irin da aka ce masa ingantacce ne. Muna so masu karatu su san inda wannan juriya take fitowa, yadda ake auna ta, da wuraren da masu bincike kansu ke yin tuntuɓe.

Gyaɗa tana buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 700 daga shuka zuwa cira, amma lokacin da ruwan ya ɗauke ya fi jimlarsa yin hukunci. Ƙishin da ya same ta tana ƙarama, kafin ta fara fure, ba ya yi mata wata illa. Gwaje-gwajen da aka yi a ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa da ke garin Patancheru a ƙasar Indiya, a shekarun 1980 sun nuna cewa ɗan ƙishi a wannan mataki, idan ruwa ya dawo a kan kari, yana iya ƙara amfani, domin saiwa ta nutsa kuma furanni su ɓarke kusan lokaci guda. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan fure. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gindin gyaɗa ya san furenta ɗan rawaya ne, yana buɗewa da sassafe, kafin la'asar ya yanƙwane. Bayan kamar mako guda sai wani siririn tsinke mai tsinin baki ya fito daga inda furen ya bushe, ya sunkuya, ya huda ƙasa zurfin santimita 2 zuwa 7, sannan bakinsa ya kwanta ya fara kumbura ya zama kwanso. Idan saman ƙasa ya bushe ya ƙandare, tsinken sai ya tsaya a kai, zafin ƙasa ya ƙona masa baki, shi ke nan wannan furen ya tafi a banza. Saiwa na iya kasancewa tana shan ruwa a zurfin mita guda, ganye shar kamar babu abin da ya faru, amma a ƙasa babu 'ya'ya.

Akwai kuma maganar kalsiyam. Kwanson da ke cikin ƙasa ba ya samun wannan sinadari ta hanyar saiwar uwarsa yadda ya kamata, da jikinsa yake tsotsa daga danshin da ke kewaye da shi. Ƙasar ta bushe, kalsiyam ba ya motsi, sai a sami ɓawo ya girma amma ciki wayam. Irin da ke da manyan tsaba ya fi shan wannan wahala. Bayan farin ƙuruciya da na bayan fure, fari na uku shi ne na ƙarshen damina, wanda ke tsumbure tsaba kuma ya buɗe wa funfuna ƙofa. Kowanne daga cikin ukun nan da halin da ke maganinsa. Irin da ya kuɓuce wa farin ƙarshe don ya ƙosa cikin kwana 90 yana iya faɗuwa warwas idan ruwa ya ɗauke a kwana na 40 zuwa 60, alhali mai dogon zango zai jira ruwa ya dawo ya sake sabon fure.

To daga ina mai kyautata iri ke samo waɗannan halaye? Ba ya ƙirƙirar su, a cikin bambancin da ke tsakanin iri da iri yake tsinto su, kuma a nan gyaɗa tana da wani tarihi da ya ɗaure mata ƙafa. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina. A can wasu gyaɗun daji biyu, Arachis duranensis da Arachis ipaensis, kowannensu mai kuromosom 20 (zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta), suka yi barbara kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuromosom ɗin ɗan da aka samu ya ninku ya zama 40. Daga wannan ɗan ne duk gyaɗar da ake nomawa a duniya ta fito. Ninkuwar ta raba ta da danginta na daji, waɗanda sun kai kusan jinsi 80, domin mai 40 ba ya haɗuwa da mai 20 a sami ɗa mai haihuwa. Ga shi kuma gyaɗa kanta take yi wa barbara a cikin fure tun bai buɗe ba. Shi ya sa idan aka duba DNA na iri biyu daga nahiyoyi daban sai a ga sun yi kama ƙwarai.

Duk da haka a gona bambancin a bayyane yake. Akwai babban gida guda mai suna hypogaea, wanda ya ƙunshi gyaɗa mai yaɗo da wadda ake kira Bajiniya: ba ta fure a jikin sandar tsakiya, tana daɗewa kafin ta ƙosa, tsabarta manya ce kuma tana barci bayan cira, wato ba ta tsira nan take. Ɗaya gidan shi ne fastigiata, wanda ya ƙunshi Sifanish da Balensiya: a tsaye take, tana fure har a sandar tsakiya, tana ƙosa cikin kwana 90 zuwa 110, tsabarta ba ta barci. Rumbun adana iri na ICRISAT da ke Patancheru yana riƙe da samfurin gyaɗa sama da 15,000. Babu mai iya gwada wannan adadi a ƙarƙashin fari yadda ya kamata, don haka aka tace aka fitar da 1,704 da ke wakiltar sauran, aka sake tacewa aka sami 184. Waɗannan 184 ɗin su ne za a iya shukawa a gwada da gaske, kuma a ra'ayinmu duk shirin da bai taɓa leƙa su ba, yana ta haɗa irinsa biyar ko shida da juna shekara da shekaru, bai fara neman juriyar fari ba tukuna.

Me ake aunawa? A 1977 wani masani ɗan Ostareliya, John Passioura, ya ba da wani lissafi mai sauƙi da har yau ake aiki da shi: amfanin da za a samu inda ruwa ya yi ƙaranci ya dogara da yawan ruwan da shukar ta iya sha, da yawan jikin da ta gina da kowace lita, da kuma kason wannan jiki da ya tafi cikin kwanso. A ninka ukun da juna. Kowanne akwai bambanci a kansa tsakanin iri.

Na farkon ne mutane suka fi saurin kamawa, su ce a nemo mai doguwar saiwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma awo ya rage mata kaifi. A Patancheru akwai filin da aka jera bututun roba masu tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 20. Ana cika kowanne da ƙasa, a shuka gyaɗa a ciki, a jiƙa shi sharkaf a bar shi ya tsane, sannan a rufe saman ƙasar da ƙananan duwatsun roba don kada rana ta sha ruwan kai tsaye. Daga nan sai a riƙa ɗaga bututun da ƙugiya ana ɗora shi a ma'auni lokaci-lokaci. Duk nauyin da ya ragu ruwa ne da ya bi ta ganye. Da aka yi wa gyaɗa wannan awo an ga yawan saiwa ba kullum yake nufin yawan ruwan da aka zuƙo ba, kuma jimlar ruwan da iri daban-daban suka sha ba ta yi nisa da juna ba. Abin da ya fi raba su shi ne tattali. Irin da ya baza ganye da wuri yana shanye ruwan ƙasa kafin lokacin cika kwanso, mai matsakaicin ganye kuwa yana rage wa gobe. Akwai ma irin da ke tsuke ƙananan ƙofofin ganyensa da tsakar rana idan iska ta bushe ƙwarai, ya buɗe da safe da yamma lokacin da asarar ruwa ba ta da yawa. Wannan hali yana da amfani a ƙasa mai riƙe ruwa. A rairayi marar zurfi, inda ruwan da aka rage zai tsiyaye ko ya bi iska, tattalin ba ya biyan kuɗin sabulu.

Na biyun, wato jikin da ake ginawa da kowace lita, an sami tazara mai yawa a kansa: a wasu gwaje-gwaje daga ƙasa da giram 2 zuwa sama da giram 3 a lita. Auna shi kai tsaye aiki ne ja, shi ya sa aka nemi alamu masu araha. Ɗaya ita ce kaurin ganye. Ana tsinkar ganye na biyu ko na uku daga saman sandar tsakiya da safe, a auna faɗinsa nan take kafin ya yi yaushi, a busar da shi a zafin digiri 80 na kwana biyu, a raba faɗin da nauyin. Ganye mai kauri yakan fi iya sarrafa ruwa. Ɗayar ita ce ƙaramar na'urar SPAD da ake maƙala wa ganye ta faɗi ƙarfin korensa. Ana aunawa a ƴan ganyayyaki huɗun da ke jikin kowane ganyen gyaɗa, a kauce wa jijiyar tsakiya. Alamun biyu suna bin gado sosai kuma suna da saurin awo, amma a yi hattara. Ganyen da ya tashi a inuwa ya fi siranta, ƙasa mai farar ƙasa da yawa tana sa ganye ya koɗe don ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma gwajin bututun da muka ambata ya nuna dangantakar waɗannan alamu da ainihin sarrafa ruwa tana yin rauni a wasu yanayi. Mun fi ganin a yi amfani da su wajen zubar da marasa kyau daga cikin ɗaruruwa, a bar yanke hukunci ga nauyin kwanso.

Na ukun shi ne ya fi yawan raba gwani da na baya a ƙarƙashin fari: wane iri ne ke ci gaba da tura abinci cikin kwanso alhali yana jin ƙishi? Wajen lissafa shi ana ninka nauyin kwanso da 1.65, domin gina mai ya fi gina ganye cin ƙarfin shuka. Wanda ya manta da wannan gyara zai zalunci irin da ke da yawan mai.

Yanzu ga wurin da muke so a tsaya a nutsu, domin nan ne rahotannin bincike suka fi ruɗa mutane. Sau da yawa za a ji an ce hali kaza yana da ƙarfin gado kashi 70 ko 80 cikin 100. Ma'anar ƙarfin gado ita ce: daga cikin bambancin da ido ya gani tsakanin iri, nawa ne na gado wanda zai bi 'ya'ya, nawa ne na gona da yanayi? An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an tabbatar gudun nata ne, ba gangara ce ta taimake ta ba. Bari mu ba da misali da ƙirƙirarrun lambobi don a ga yadda lissafin yake. A ce bambancin gado na gaskiya 1 ne, bambancin da ke zuwa daga yadda iri ke sauya hali daga wuri zuwa wuri shi ma 1 ne, kuskuren gona kuma, irin su rashin daidaiton ƙasa da ɓarnar gara da kuskuren awo, 2 ne. Mai binciken da ya yi gwaji a wuri guda ya maimaita kowane iri sau 3 ya rage kuskuren gona zuwa 0.67. Amma a wuri guda lissafi ba ya iya raba gado da dacewa da wannan wurin, sai ya haɗe su ya sami 2 cikin 2.67, ya ba da rahoton kashi 75. Abin da zai bi irin zuwa wata gona kuwa 1 ne cikin 2.67, wato kusan kashi 38. Rabin abin da ya faɗa ke nan.

A ce yana da halin fangali 12 ga kowane iri. Idan ya zuba su duka a wuri guda, ƙarfin gadon na gaskiya zai kai kashi 46 kawai. Idan ya raba su wuri 4, kowanne maimaici 3, zai kai kusan 71. Yawan fangali ɗaya ne, amma sakamakon ya sha bamban. Haka abin yake wajen hasashen ci gaban da zaɓe zai kawo. Wanda ya zaɓi 5 mafi kyau cikin 100 yana ninka 2.06, lambar da ke nuna tsananin wannan zaɓe, da ƙarfin gado da mizanin tazarar da ke tsakanin irin. Idan mizanin kilo 300 ne a hekta, mai riƙe da kashi 75 zai yi alkawarin ƙarin kilo 463, gona kuma ta ba da kamar 232. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, tsarin gwajin ne bai iya amsa tambayar da aka yi masa ba. Da aka gwada tarin irin gyaɗa sama da 200 a Patancheru da kuma tashar ICRISAT ta Sadore a Nijar, an ga sauyin hali daga wuri zuwa wuri da shekara zuwa shekara yana da girma ƙwarai, har irin da ya yi zarra a nan ya koma tsakiya a can. Halaye irin su girman tsaba da ranar fara fure suna riƙe gadonsu da kyau. Nauyin kwanso a ƙarƙashin fari, wanda shi ake nema, shi ne ya fi kowanne zamewa.

Wani tarkon kuma shi ne auna juriya da ƙarancin asara. A ce iri na farko yana ba da kilo 3,000 a hekta idan ruwa ya wadata, 1,500 idan an yi fari. Ya yi asarar rabi. Na biyu yana ba da 1,600 da 1,300; asararsa ba ta kai kashi 20 ba. Lissafin da ke duba asara kaɗai zai ɗora na biyu a sama. Manomi kuwa buhu yake ƙirgawa, kuma a duka shekarun biyu, irin na farko ne ya fi cika masa rumbu. Dole a ajiye lambobin biyu kusa da juna.

Ga abubuwan da gwajin fari ba ya inganta sai da su. A tanadi fili biyu maƙwabta, ɗaya a ba shi ruwa isasshe ɗaya a hana shi, a bar tazarar mita 2 zuwa 3 a tsakani don kada danshi ya ratsa ta ƙarƙashi. A raba irin gwargwadon zangonsu kafin komai, domin idan aka tsayar da ruwa a kwana na 60 ga kowa, mai kwana 90 ya kusa gama aikinsa, mai kwana 120 kuwa yanzu tsinkensa ke shiga ƙasa. Wanda ya cakuɗa su tsawon zango ya auna. Irin da za a shuka duka ya fito daga girbi guda da ajiya guda, in ba haka ba tsufan iri zai shigo cikin lissafi. Kowane fangali ya zama layi 4, a cire biyun tsakiya kaɗai don awo, saboda na gefe suna satar ruwa da haske. A ƙirga tsiro bayan mako biyu da kuma ranar cira. A sa sanannen iri ɗaya ko biyu a matsayin ma'auni. A riƙa auna danshin ƙasa, kada a dogara da ƙirgen kwanaki. Farin kuma ya zama matsakaici, wanda zai rage amfani kamar da rabi: in ya yi tsanani kowa zai faɗi a rasa na zaɓa, in ya yi sauƙi babu abin da aka gwada. Ranar cira ma akwai abin lura. Ƙasar da aka hana ruwa ta yi tauri, idan aka fizge gyaɗa kwansaye da yawa za su tsinke su zauna a ciki, sai ya zama ƙarfin tsinke aka auna. A ɗan jiƙa ƙasar kwana ɗaya ko biyu kafin cira, ko a tone a tankaɗe. Sannan a shanya kwanson kowane fangali har ya daina rage nauyi kafin a rubuta lamba.

Yawancin irin wannan gwaji da rani ake yi don a iya sarrafa ruwa, kuma rani ba damina ba ce. Gyaɗa tana daina girma idan sanyi ya kai wajen digiri 10, zafin da ya haura 33 zuwa 35 lokacin fure kuma yana lalata garin fure. Irin da ya faɗi da rani wataƙila zafi ne ya kayar da shi. Shi ya sa sakamakon rani sai an tabbatar da shi a gonakin damina.

Idan an gano iyayen da suka dace sai barbara, aikin haƙuri da sanyin hannu. Da yamma ake neman tohon furen da zai buɗe gobe, a buɗe shi da hantsaki, a cire ƴan jakunkunan gari guda 8 ba tare da an raunata zaren macen da ke tsakiya ba, a tsinke sauran toho da ke wannan gaɓa, a ɗaura zare mai launi. Washegari da sassafe a ɗebo gari daga furen uban a shafa. Kowane fure tsaba ɗaya ko biyu zai bayar, kuma sai an binciki 'ya'yan, don ko jaka guda aka bari furen zai yi wa kansa barbara a yi ta renon abin da ba shi ba. A zuriya ta biyu rabin ƙwayoyin gadon da iyayen suka bambanta a kai ba su zauna ba, a ta biyar saura kashi 6, a ta shida kashi 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen tsiro ɗaiɗai a zuriya ta biyu don an ga ya yi 'ya'ya da yawa a fari. Sau da yawa maƙwabcinsa ne ya mutu ya bar masa fili. Gara a riƙa ɗaukar tsaba ɗaya daga kowane tsiro har zuriya ta biyar, a zubar da masu cuta da marasa siffa a hanya, sannan a fara gwajin amfani a fangali. Daga barbara zuwa sakin iri shekara 8 zuwa 12 ba abin mamaki ba ne.

Ana yawan tambayarmu ko ilimin DNA bai gajarta wannan hanya ba. An karanta jerin gadon gyaɗun dajin biyu a 2016, na gyaɗar noma a 2019, kuma alamun DNA sun yi aiki sosai inda ƙwayar gado ɗaya ko biyu ke riƙe da hali, kamar ingancin mai. Fari ba haka yake ba. Da aka binciki zuriyar irin gyaɗa biyu, TAG 24 da ICGV 86031, an sami wurare barkatai a jikin kuromosom, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani. Hanyar da ta rage ita ce a koya wa kwamfuta hasashe daga dubban alamu a haɗe, ita kuma da lambobin gona ake koya mata. Lambobin suka gurɓata, hasashen ya gurɓata.

Dangin daji su ne taskar da aka fi sa wa rai wajen faɗaɗa gado, tunda wasunsu a busassun wurare suke rayuwa. Ana haɗa na daji biyu, a ninka kuromosom ɗin ɗansu da sinadarin kolcisin ya zama 40, a haɗa shi da gyaɗar noma, a yi ta mayar da 'ya'yan ga gyaɗar noma zuriya bayan zuriya. Haka aka yi a Senegal da irin Fleur 11, a aikin haɗin gwiwar cibiyar CERAAS ta Ciyas da CIRAD ta Faransa da EMBRAPA ta Burazil. A Amurka ma juriyar tsutsar saiwa da ke cikin irin COAN, wanda aka saki a Tekzas a 1999, daga gyaɗar daji ta fito. Wahalar ita ce alheri ba ya zuwa shi kaɗai: ƙananan tsaba, raunin tsinke da yawan yaɗo suna maƙale da shi, sai an sha aiki kafin a raba su.

Kowane zaɓi da farashinsa a jikin shukar. Saurin ƙosa yana rage kwanakin tara abinci, don haka a shekarar da ruwa ya wadata gajeren zango yakan gaza dogo, kuma irin da aka fi samo sauri daga gare su, kamar Chico, tsabarsu ƙanana ce. Yawancin masu saurin Sifanish ne marasa barcin iri, idan ruwa ya dawo ana dab da cira sai su tsira a cikin ƙasa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Dole a saka musu barcin mako biyu ko uku. Ƙarancin ganye yana tattalin ruwa amma yana rage harawa, kuma manomin da ke da dabbobi ba zai karɓi wannan ciniki da sauƙi ba. Sai babbar damuwa, aflatoksin, gubar funfunar Aspergillus flavus, wadda duniya ta san da ita bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Funfunar tana samun yadda take so idan fari ya kama gyaɗa a makonni ukun ko huɗun ƙarshe kuma zafin ƙasa a wajen kwanso ya kai digiri 28 zuwa 31. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka 20. Wasu iri, kamar 55-437 na Senegal, an san su da jure fari da kuma ƙarancin gubar, amma ba ƙa'ida ba ce cewa duk mai jure fari ya tsira daga ita. Sai an auna daban, da samfuri mai yawa, domin tsaba ƴan kaɗan ne ke ɗauke da gubar buhu guda.

Aikin yana yiwuwa, kuma an gani. A gundumar Anantapur ta Indiya, inda ruwa ke ƙaranci kuma ake noman gyaɗa da yawa, irin TMV 2 na 1940 ya shafe shekaru da dama babu mai ture shi. An saki ICGV 91114 a 2006, mai ƙosa cikin kwana 90 zuwa 95, bayan manoman da kansu sun gwada shi a gonakinsu sun zaɓe shi a kan kwanso da harawa duka. Ko a nan sai da aka yi fama da yaɗa irin, domin gyaɗa ba ta ninkuwa da yawa: hekta guda tana cin kilo 80 zuwa 100 na tsaba, ta mayar da ninki 8 zuwa 10 kacal, ga shi tsabar tana saurin mutuwa idan an ɓare ta an ajiye a zafi.

Roƙonmu ga wannan jarida, Malam Edita, shi ne duk lokacin da wakilinku ya je ɗauko labarin sabon iri, ya tafi da waɗannan tambayoyi a aljihu. Wane fari aka gwada shi da shi, na tsakiya ko na ƙarshe? A wurare nawa, shekara nawa, kuma a irin wace ƙasa? Kilo nawa ya bayar da fari, nawa da wadatar ruwa, kuma nawa sanannen irin da aka shuka kusa da shi ya bayar? Kwana nawa yake ƙosa, tsabarsa tana barci? An auna aflatoksin? Mai binciken da ya yi aikinsa yana da amsoshin a rubuce kuma zai yi farin cikin bayarwa. Muna roƙon a buga lambobin tare da labarin, a kuma rubuta cikakken sunan irin da lambarsa, don manomi ya san abin da zai nema a bakin mai sayar da iri.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu masu binciken kyautata irin gyaɗa